Nomau da Ɗanyen Irin Gafiyoyi

Tsofaffin Kwarin Maje, idan hira ta yi nisa, sukan ce a ƙarƙashin fadamarsu akwai birni mai ƙofa tara, wanda ɗan Adam ɗaya tak ya taɓa shiga ya fito da ransa. Sunan mutumin Nomau.

Nomau mafarauci ne, amma ba na ɓauna ko damisa ba. Gafiya da gyazbi yake kamawa. Sauran mafarauta sukan haƙa rami ɗaya ko biyu, su tura hayaƙi, su ɗauki rabonsu su koma gida. Shi kuwa ba shi da wannan haƙurin. Da an gama kaka ciyawa ta bushe, sai ya kewaye fadamar da wuta ta kowace kusurwa, ya tsaya da kulki da karnukansa yana jiran abin da zai fito. Shekara uku a jere yana haka, har ƙasar wurin ta yi baƙi ƙirin kamar gindin tukunya.

A shekara ta uku haihuwa ta ɗauke a Kwarin Maje. Awaki suka daina ɗaukar ciki. Kaji su kwanta a kan ƙwai har su gaji su tashi, ba ɗan tsako ko ɗaya. Matar Nomau, Tasalla, tana da ciki wata tara lokacin da ya sa wutar ƙarshe, sai cikin ya kwanta. Bai zube ba, bai motsa ba. Wata goma sha huɗu ya cika, Tasalla ta rame har wuyanta ya zama kamar mariƙin ludayi, unguwarzoma ta gwada duk saiwar da ta sani ta ɗaga hannu.

Wata safiya Nomau yana wasa bakin hauyarsa, Tasalla ta dafa bango ta fito.

Ta ce, "Maigida, don Allah ka bar fadamar nan. Tun ranar da ka sa mata wuta abin da ke cikina ya yi shiru."

Ya ce, "Wuta a fadama, ciki a ɗaki, me ya haɗa kifi da kaska? Koma ki kwanta. Yau romon gafiya za ki sha."

Ya saɓa hauya ya fita. Da hantsi ya tarar da wani rami a gindin ƙonannen maje, mai faɗin baki kamar na rijiya. Sara uku ya yi, ƙasa ta buɗe ta haɗiye shi har da hauyar.

Ya daɗe yana gangarawa kafin ya faɗi tim a tsakiyar wani fili. Da ya ɗaga kai sai ya ga ganuwa wadda aka gina da duk abin da ya taɓa ɓata a gidajen mutane: cokula, zobba, allurai, 'yan kunne, ƙwandaga, duwatsun wuya. An jera fasassun madubai tun daga sama har ƙasa, suna miƙa wa juna hasken rana har ya iso birnin. Gafiyoyi manya kamar jakuna suka kewaye shi. Beguwa biyu suka sa shi a tsakiya, ƙayoyinsu a miƙe, suka tasa shi gaba. Duk lungun da suka bi yana ganin sheƙa a shimfiɗe da audugar rimi, tsaf, babu kowa a ciki. Birni guda, ba kukan jariri.

Aka gurfanar da shi gaban wata tsohuwar gafiya fara fat, tana zaune a kan kifaffen turmi. Ita ce Uwar Rami, mai mulkin birnin.

Ta ce, "Kai mai tafiya da ƙafa biyu, faɗi sunanka da sunan sana'arka."

Ya ce, "Ranki ya daɗe, sunana Nomau. Noma nake yi."

Ta ce, "A zo da shaida."

Wani ƙaton gafiya ya ratso taron. Rabin fuskarsa ba gashi, bayansa duk tabon ƙuna, kunnensa ɗaya ya narke ya manne da kai. Ya kawo hancinsa daf da wuyan Nomau ya shaƙa.

Ya ce, "Shi ne. Ƙonau ake kirana yanzu, ba shi ne sunan da uwata ta raɗa mini ba. 'Ya'yana bakwai na fito da su a baki ɗaya bayan ɗaya, wannan yana tsaye da kulki yana dariya. Uwar Rami, ki ba ni shi."

Uwar Rami ta ɗaga ƙafar gaba, ya ja da baya yana huci.

Ta ce, "Ɗan Adam, waɗanda wutarka ta cinye mun binne su. Waɗanda ta bari su ne abin kukanmu. Zafinta ya ratsa ƙasa ya shiga marainan mazanmu, ya dafa irin haihuwar da ke ciki. Suna zuwa wa matansu, amma ruwa ne kawai. Namiji ɗaya ya tsira, tsohon da ke haƙa mana rijiya can ƙasa inda zafi bai kai ba. Shekaranjiya ya mutu. Mun kwashe irinsa a gora biyu, sai dai ɗanye ne. Iri ba ya fitowa daga inda aka ƙera shi ya kama aiki. Sai ya bi wata doguwar hanya mai murɗe-murɗe a jikin namiji, kwana goma, yana nuna a hankali. Mai jikin ya tafi."

Nomau ya ce, "To ni me zan yi, ranki ya daɗe? Ba na ta da matacce."

Ta ce, "A ƙarƙashin wannan birni akwai Hanyar Murɗiya, inda irin kakanninmu na farko ya nuna. Mu da baki muke ɗaukar kaya, numfashinmu kuwa zafi ne, zai kashe shi. Kai kana da hannu. Za ka rataye gorunan a sanda, kada su taɓa jikinka, kada su ji ɗumi. Ba za ka bar hanyar ba sai kwana goma sun cika. A ƙarshenta akwai Kogin Farkawa, inda nunannen iri ke jiƙa rabin wuni kafin ya sami ƙarfin huda ƙwai. A hayinsa Ɗakin Ƙwai yake. Ƙofarsa sau ɗaya take buɗewa a kwana huɗu, a buga tambari, ƙwan matanmu su fito. Ƙwai kuwa da ƙyar yake kai rabin wuni da rai."

Ya ce, "In na ƙi fa?"

Ta ce, "Mu muka kwantar da cikin matarka, mu muka ɗaure awakinku. In irin nan ya kama, za mu kwance. In ya lalace, Tasalla za ta shiga kabari da ɗanta a ciki, kai kuma Ƙonau zai fara da yatsun ƙafarka. Shi zai raka ka, don ba ni da wanda zai fi shi sa maka ido."

Aka kawo goruna biyu masu marfi, aka ɗaura ɗaya a kowane bakin sanda. Nomau ya saɓa a kafaɗa. Aka ɗaga wani faifan dutse, suka shiga.

Hanyar Murɗiya ba ta yi taku goma a miƙe ba. Bangonta danshi ne, lulluɓe da wani gashi mai laushi da ke kaɗawa gaba ɗaya kamar gonar shinkafa a iska, yana tura mai tafiya gaba. Da rana bangon yakan yi haske, da yamma ya dushe, da haka suke gane kwana. Ta murɗe ta sake murɗewa, har wani lokaci Nomau yakan hangi ƙeyarsa a gabansa tana shan kwana. Bangon kuma ruwa yake sha. Salkar ruwan da aka ba shi ta motse tun ranar farko, harshensa ya bushe kamar ƙirgi.

Da suka tsaya hutawa, ya ɗaga marfin gora guda ya leƙa. Wasu 'yan halittu ya gani dubu bisa dubu a cikin farin ruwa, kowane da kai lanƙwasasshe kamar lauje, da wutsiya da ta fi gashin jariri siranta. A wuyan kowane akwai ɗan ɗigo mai ƙyalli. Ba mai motsi.

Ya ce, "Ai matattu kuka ba ni."

Ƙonau ya ce, "Rufe, jahili. Ba su iya iyo ba tukuna. Ka ga ɗigon nan? Kullum zai ɗan gangara. Ranar da ya kai ƙarshen wutsiya ya faɗi, sun nuna. Kada ka sake yi mini magana sai na yi maka."

A kwana na uku suka shiga wani kwazazzabo mai sanyin da Nomau bai taɓa jin irinsa ba. Haƙoransa suka riƙa karo, yatsunsa suka sandare har ya kasa jin sandar. Ƙonau ya wuce gaba don ya duba inda hanya ta tsuke. Nomau ya ajiye gorunan, ya laluba aljihunsa, ya ji ƙyastunsa na nan. Ya ce a ransa, 'yar wuta kaɗan, iyakar tafin hannu, wa za ta cuta? Ya yagi bakin rigarsa, ya ƙyasta, ya kara hannuwansa. Daɗin ɗumin ya sa bai lura ba gora ɗaya tana kusa da gwiwarsa.

Wari ne ya dawo da Ƙonau a guje. Ya take wutar da ƙafarsa, ya ture marfin gorar da hanci. Ruwan ya tsinke kamar nonon da ya kwana uku, kawunan sun rabu da wutsiyoyi suna yawo a sama.

Ƙonau ya daɗe yana kallon gorar. Sannan ya juyo, muryarsa ƙasa-ƙasa.

Ya ce, "Rabin al'ummata ke nan. Ko a cikin kabarinmu sai da ka kawo wuta."

Nomau ya ce, "Sanyi ne, wallahi ban yi nufi ba."

Ya ce, "Ranar nan ma ba ka yi nufin 'ya'yana ba. Nama kake so."

Ya fizge ƙyastun ya haɗiye shi. Nomau ya ɗaura dutse a gurbin gorar da ta lalace, ya saɓa, suka ci gaba. Tun daga nan ko barci zai yi, sai ya rataye gorar nesa, ya kwanta a kan hannuwansa.

A kwana na shida irin ya fara motsi. Ana jin sa a cikin gorar yana ɗan tsiyaya kamar yayyafi a kan ganye. A ranar suka iske wata ƙofa a jikin bango, ta itacen ƙirya, a buɗe. Wata doguwar mace tana zaune a bakinta da kwatarniya a gabanta. Diddigenta a gaba suke, yatsun ƙafarta a baya. Da ta buɗe baki, muryar Tasalla ce ta fito.

Ta ce, "Sannu da hanya, mai ɗauke da gora. Ni ce 'Yar Yanke, mai tsaron gajeriyar hanya. Ta wannan ƙofa taku arba'in ne zuwa kogi. Ta waccan kwana huɗu ne. Leƙa nan ka ga abin da ba zai jira kwana huɗu ba."

Ya leƙa kwatarniyar. Ya ga Tasalla kwance a kan tabarma, idanunta sun faɗa, ƙuda na sauka a leɓenta ba ta iya korarsa.

'Yar Yanke ta ce, "Kunnenka ya ji suna motsi. Abin da ya motsa ya nuna. Shigo."

Nomau ya ɗaga ƙafa ya sa a dokin ƙofar. Ya waiga ko Ƙonau zai hana shi. Ƙonau yana zaune yana lasar tabonsa.

Ya ce, "Shiga mana. Na gaji da kallon bayanka. Ko da ƙarshenmu ne, zan ga naka tukuna."

Jin haka sai Nomau ya fasa shiga. Ya janye ƙafarsa, ya buɗe gorar. Ɗigon yana tsakiyar wutsiya, bai ko kusa ƙarshe ba. Ya tsinki gashin bango guda, ya tsoma, ya ɗiga a kwatarniyar matar. 'Yan halittun suka kama juyawa a wuri ɗaya kamar akuyar da aka ɗaure a turke, ba gaba ba baya, har suka gaji suka nutse.

Ya ce, "Baiwar Allah, motsi daban, tafiya daban. Riƙe ƙofarki."

Matar ta ƙwalla ƙara har bangon ya yi rawa. Ta ce, "Tunda ka zaɓi doguwa, ka taka ta da jini!" Ƙofar ta rufe bam, ƙasan hanyar ya tsiro da ƙaya irin ta kashin yawo. Wuni biyu Nomau yana tafiya a kanta. Takalmansa suka yayyage, ya bar sawun jini a bayansa, amma bai bar gorar ta girgiza ba. Ƙonau bai ce masa sannu ba.

Ranar ta goma hanya ta buɗe zuwa wani faffaɗan kogo mai sanyin randa. Gorar ta yi tsit. Nomau ya buɗe ta da sauri. Ɗigon ya ɓace daga kowace wutsiya, sun kwanta a jere kai da kai kamar an tsefe su.

Ƙonau ya ce, "Sun nuna. Barci suke. A nan za su iya kwanaki ba abin da zai same su. Amma da sun taɓa kogi, wuni ɗaya ba za su cika ba."

Suka fita bakin kogon. Ga Kogin Farkawa a gabansu, ruwansa mai kauri kamar kunu. A hayi, kan wani tudu, ga Ɗakin Ƙwai, zagayayye kamar rumbu, matan birnin sun kewaye shi. Ƙofarsa a buɗe take. Ƙwai goma sha wani abu suna shawagi a bakin ruwa, kowane kamar ƙaramin wata a cikin hazo. Sai dai haskensu ya fara komawa rawaya. An daɗe da buga tambari.

Ƙonau ya yi tsalle ya isa bakin ruwa. Ya ce, "Zuba! Zuba yanzu!"

Nomau ya ce, "Uwar Rami ta ce sai sun jiƙa rabin wuni. Dubi ƙwan can. Kafin su farka sun mutu."

Ƙonau ya ce, "Uku daga cikinsu na matata ne. Ta tsufa, wannan ne zubinta na ƙarshe. Ka kashe mini bakwai, ka ba ni uku. Zuba, ɗan Adam!"

Nomau ya ce, "In na zuba, ba kai ba, ba kowa ba. Gora ɗaya ta rage."

Ƙonau ya daka masa tsalle. Nomau ya miƙa sandar can sama da hannun dama, ya tare da hagu. Haƙoran gafiya suka shiga hannun kamar kurfin masassaƙi, ya ji ƙashi ya ce ƙaras. Yatsu biyu suka tafi. Ya durƙusa yana ihu, amma hannun dama bai sauko ba. Ƙonau ya tofar da abin da ke bakinsa, ya juya ya fuskanci hayi. Suna kallo ƙwan suka dushe ɗaya bayan ɗaya, ruwa ya tafi da su. Ƙofar ta rufe. Wata tsohuwar gafiya a cikin matan ta kwanta ta sa kanta a ƙasa.

Kwana huɗu suka yi a kogon ba wanda ya dubi wani. Nomau ya ɗaure hannunsa da ragowar rigarsa, yana cin gansakuka yana lasar danshin dutse. Zazzaɓi ya riƙa kaɗa shi. Duk da haka kullum sai ya ja jiki zuwa bakin kogi ya zauna yana kallo, yadda ya saba zama a bakin rami.

Da safiyar kwana na huɗu ya ga ruwan ya canja. Kaurin ya tafi, ya yi garau, da ya tsoma yatsa ya ɗaga sai ya biyo shi da yauƙi kamar miyar kuɓewa. A hayi matan sun kasa zama, suna ɗan gudu suna tsayawa cak, kunnuwansu na rawa. Shekara ashirin yana farautarsu, ya san wannan rawar kunnen. Takan zo kafin lokacin mace, ba bayansa ba.

Ya ɗauko gorar. Ƙonau ya tare shi.

Ya ce, "Ba a buga tambari ba."

Nomau ya ce, "Tambari na ƙwai ne, ba na iri ba. In muka jira shi, abin da ya faru ranar nan zai sake faruwa. Gara iri ya farka ya jira ƙwai."

Ƙonau ya ce, "In ƙofar ba ta buɗe yau ba fa?"

Ya ce, "To ga sauran yatsun."

Ya tuntsurar da gorar. Farin ruwan ya bazu, ya nutse, ya lafe a jikin ciyawar gefen kogi. Suka jira. Ba abin da ya motsa. Hasken madubai ya tashi daga gefen tudu ya hau kansa, shiru.

Ƙonau ya ce, "Ka kashe mu. Wannan karon da ruwa."

Bai rufe baki ba suka ji gurnani daga ƙasan kogin. Akwai wata kafa a jikin dutse inda ruwa ke zurarewa, ta cikinta wasu fararen abubuwa suka fara kutsowa, ba kai ba ƙafa, kamar curin ƙullu mai rai. Duk wanda ya iso ciyawa sai ya baje a kanta ya tashi ya bar ta fayau, ba iri ko ɗaya.

Ƙonau ya ce, "Masu Share Kogi! Duk baƙon abu abincinsu ne."

Nomau ya faɗa ruwa da sandarsa yana duka. In ya raba ɗaya biyu sai ya haɗe. Ya koma soke su yana wurgawa tudu, inda suke bushewa. Amma yana fid da ɗaya, uku na shigowa ta kafar. Sai ya ga Ƙonau ya wuce shi da iyo. Ya isa kafar, ya juya, ya cusa bayansa a ciki da ƙarfi har ya toshe ta ruf, kansa kaɗai ke waje. Ruwa ya daina zurarewa. Nomau ya gama da waɗanda suka riga suka shigo, ya iso wurinsa yana haki. Jikin Ƙonau na karkarwa. Ana cin sa ta baya.

Nomau ya kama shi zai ja. Ya ce, "Fito, mu toshe da dutse!"

Ƙonau ya kai masa cizo. Ya ce, "Cire hannunka daga jikina. Kada ka ɗauka don kai na yi. Ban yafe ba, ba kuma zan yafe ba. Juya ka duba mini ruwan, idona ya fara duhu. Sun tashi?"

Nomau ya juya. Ciyawar gefen kogi tana tafasa. Irin ya farka, wutsiyoyi na dukan ruwa kamar bulala. Kowane ya maƙala laujen kansa a jikin ɗan'uwansa, suka zama igiyoyi dogaye, ɗari-ɗari, suna tsaga ruwa da gudun da guda ɗaya ba zai iya ba.

Ya ce, "Sun tashi. Sun yi ayari, sun nufi hayi."

A daidai nan tambari ya ɗauka. Ƙofar Ɗakin Ƙwai ta buɗe, sababbin ƙwai farare tas suka gangaro bakin ruwa, suka tarar ana jiransu. Igiyoyin suka watse. Kowane ƙwai dubbai suka rufe shi, ɗaya ya huda ya shige, nan take ɓawon ya ƙanƙame ya bar sauran a waje. Ƙwai goma sha tara suka kama, haskensu ya koma ja kamar garwashi. Matan hayi suka ɗauki guɗa.

Nomau ya ce, "Sun kama, Ƙonau. Goma sha tara."

Idanun Ƙonau a buɗe suke, amma mai su ya tafi.

Beguwa suka zo suka mai da Nomau gaban Uwar Rami. Ya tsaya da ƙyar, ƙafa a kumbure, hannu a naɗe.

Ta ce, "Kada ka jira godiya. Wanda ya fasa randa ya kawo ruwa a tafin hannu bai yi abin yabo ba. Mun kwance abin da muka ɗaure. Amma ka ji sharaɗi: muddin kana numfashi, wuta ba za ta sake taɓa fadamar nan ba, ko daga hannunka ko daga na wani. Ranar da ta taɓa, abin da matarka za ta haifa zai koma inda ya fito. Ku fitar da shi, warinsa ya ishe ni."

Aka tura shi cikin wani rami mai hawa. Da la'asar ya ɓullo a gindin rumbunsa, ya tarar da gidan cike da mata, ana ta kai da kawo da ruwan zafi. Bai gama miƙewa ba ya ji kukan jariri. 'Ya mace ce. Tasalla ta rayu. Kafin wata uku awakin gari duk sun yi nauyi, 'yan tsaki suka cika tsakar gidaje.

Damina biyu bayan haka gafiyoyi suka dawo, suka yi yawan da ba a taɓa gani ba. Suka huda rumbuna, suka tone gyaɗa tun tana gona. Maigari Shekarau ya tara mutane, ya sa aka kira Nomau.

Ya ce, "Kai ne gwanin wuta. Gobe ka ƙone mana fadamar nan."

Nomau ya ce, "Ranka ya daɗe, a kafa tarko, a liƙe gindin rumbu da dutse, ni zan fi kowa aiki. Wuta kam a'a." Ya ba su labarin duka, ya nuna musu hannunsa.

Aka yi masa dariya, wani ya ce gafiya ta cije shi ya haukace. Maigari ya ce in ba zai sa ba, akwai masu sawa.

Kafin gari ya waye sosai Nomau ya kwashe Tasalla da 'yarsa da tukwanensu, ya kafa bukka a tsakiyar busasshiyar ciyawar fadama. Da samari suka iso da bakin wuta, suka same shi zaune a ƙofa, Tasalla a bayansa da goyo.

Ya ce, "Bismillah. Ku fara da mu."

Suka daɗe a tsaye, sannan suka kashe wutar a ƙasa suka juya suna zagi. Daga ranar ba wanda ya sake gaishe shi a Kwarin Maje. Ba a kiransa bikin suna, ba a kiransa jana'iza, mata suka daina sayen daddawar Tasalla. Gafiyoyin ma ba su raga masa ba. Rumbunsa suke fara hudawa kowace shekara, don shi ya fi kusa.

Wata rana Tasalla ta buɗe rumbun ta tarar da rabin geron ya zama ƙaiƙayi. Ta zauna a ƙasa ta ce, "Maigida, na sama sun ƙi mu, na ƙasa sun ƙi mu. Don wa muke zaune a nan?"

Sai ga 'yarsu ta taho da gudu daga cikin ciyawa, ta faɗa jikin Nomau tana dariya, ta kama hannun nan mai yatsu uku tana ja, wai ya zo ya ga rami. Ya tashi ya bi ta.

Shekara talatin da ɗaya ya yi a fadamar, kuma wuta ba ta taɓa ta ba sai bayan da aka binne shi.